WANE GWARZO ZA MU BAR WA 'YA'YANMU?



Duk wanda ke bin hanya daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada har Doguwa, ko ya shiga ƙauyukan Bebeji da Kiru, ya san abin da zan faɗa. Yara sun taru a kan waya ɗaya suna kallon fim ɗin Indiya da aka fassara, in an tashi kowa ya zaɓi suna. Abin da ke damuna shi ne, yawancinsu sunan bos suke ɗauka, wato mugun cikin fim. Yaro kuwa in ya ɗauki suna, sannu a hankali halin ma zai ɗauka.

Ba na cewa a daina labari. Da tatsuniya aka raine mu. Tambayata ita ce: cikin mutanen labari, wa ya cancanci a riƙa tunawa da shi? Ma'aunina guda ne: yaya labarin ya yi da halinsa a ƙarshe?

Na farko, mugun da ya cancanci a tuna da shi. Ku duba Wazirin da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar masa amana, shi kuma ya haɗa kai da abokan gaba don a cutar da Musa ɗan sarki. Aku ya yi ta riƙe yaron da labarai har sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu. Irin wannan mugu kada a manta da shi, domin babu yaron da zai karanta ya ce yana son ya zama shi.

Na biyu, gwarzon da sai an yi hattara da shi. Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja, 1934, kowa na son sa saboda ban dariya. Amma ku tuna inda ya shiga gari yana malantar ƙarya. Da Malam Zurƙe ya zo zai tona shi, sai ya zana alama a ƙasa. Zurƙe ya ce harafi ne, shi ya ce jinjirin wata ne, mutane suka kori mai karatun suka riƙe mai wayon. To jama'a, in yaro ya yi dariya ya tashi ba a yi masa bayani ba, me ya koya? Cewa baki ya fi ilimi. Haka Gizo yake. Shi ya sa sau da yawa kakanninmu ba sa rufe tatsuniyarsa sai ya sha kunya.

Na uku, wadda aka manta. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, an sace Umar yana ƙarami aka kai shi ƙasar Larabawa. Mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ta faɗa hannun masu bautarwa, ta ratsa hamada, ba ta haɗu da ɗanta ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Ba takobi, ba tsafi, ba dabara. Wallahi a wajena ta fi Iliya Ɗan Maiƙarfi jarumta, domin shi ƙarfi aka ba shi, ita kuwa haƙuri ta saya da ranta.

Don haka iyaye da malaman makaranta, aikin namu ne. In yaro ya gama kallo ko karatu, zauna da shi ka tambaye shi: wa ya burge ka? Me ya yi? Yaya ya ƙare? Za ka so ƙanwarka ta auri irinsa? Amsarsa za ta nuna maka inda zuciyarsa ta dosa tun kafin icen ya bushe.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.