Shawara ga matasa masu koyon Python

'Yan'uwa matasan Dogarawa, Ƙonni da Malbaza, kada rashin kwamfuta ya hana ku koyon Python, yaren shirye-shiryen kwamfuta da Guido van Rossum ya fitar a 1991. Ku sa manhajar Pydroid 3 a wayar Android, ku fara. Ku riƙa haɗuwa ku uku ko huɗu duk mako, kowa ya duba aikin ɗan'uwansa ya gyara masa. Don gwada ƙwarewarku, ranar 1 ga Disamba ake buɗe gasar shirye-shiryen kwamfuta ta Advent of Code, wadda Eric Wastl ya faro a 2015. Tambayoyinta da Ingilishi suke, don haka ku jawo mai jin Ingilishi cikinku. Ku kuma kalli jawaban taron PyCon Africa na Accra, 2019, a YouTube.