Bambancin Suka da Gori: Darasi Daga Zaɓen Amurka na 2024

Kafin in shiga maganar Amurka bari in fara tona wa kaina asiri. A zangon karatun da ya wuce, Ƙungiyar Muhawara ta haɗa ni da wata 'yar ajinmu, aka ba mu batu a kan kuɗin makaranta. Ta zo da hujjojinta a jere, ni kuwa na zo da baki kawai. Da na ga ta kai ni bango, sai na ce da ita, "Ke dai bari, wannan magana ta fi ƙarfin mata." Zaure ya ɗauki sowa, na ji kaina ya kumbura. Malaminmu na Tarihi, wanda shi ne alƙali a ranar, ko murmushi bai yi ba. Ya ba ta maki, ya hana ni, sa'an nan ya kira ni ofis. Ya ce in je in yi nazarin abubuwan da 'yan hamayya suka faɗa a kan Kamala Harris lokacin zaɓen Shugaban Ƙasar Amurka na 2024, in kasa su kashi biyu: na suka da na gori. Ya kuma ba ni ma'auni. Ya ce, "Kowace magana ka samu, cire Kamala ka sa Bature namiji a gurbinta. In maganar ta tsaya da ƙafarta, suka ce. In ta faɗi, gori ne." Abin da na samo ne na kawo muku.

Da farko dai, wace ce ita? An haifi Kamala Harris a birnin Oakland na Jihar Kalifoniya a 1964. Mahaifiyarta 'yar Indiya ce, mai binciken cutar daji, mahaifinta kuwa baƙar fata ne daga tsibirin Jamaika, malamin tattalin arziki a jami'a. Ta zama babbar mai gabatar da ƙara ta birnin San Francisco a 2004, Babbar Lauyar Jihar Kalifoniya a 2011, 'yar Majalisar Dattijai a 2017, kana Mataimakiyar Shugaban Ƙasa a 2021. Ranar 21 ga Yuli, 2024, Shugaba Joe Biden ya janye daga takara, jam'iyyar Dimokurat ta tsai da ita ta kara da Donald Trump na jam'iyyar Rifablikan. Kwana 107 kacal ta samu na yaƙin neman zaɓe.

Bari in fara da kashin suka, domin kada a ce na zo yi mata bara. An ce a zamanin gwamnatinsu tsadar kaya ta addabi talaka, kuma gaskiya ne, don a watan Yuni na 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari, abin da Amurka ta yi shekara arba'in ba ta gani ba. An ce sun kasa tsare iyakar ƙasar da Meziko. An ce ta sauya baki a kan wata hanyar haƙar mai, wadda a 2019 ta ce za ta hana, a 2024 kuma ta ce ba za ta hana ba. An tambaye ta a talabijin me za ta yi dabam da Biden, ta ce ba abin da ya zo mata a rai. Larabawa da Musulmi da yawa na birnin Dearborn a Jihar Michigan sun juya mata baya saboda matsayin gwamnatinsu a kan yaƙin Gaza. Duk waɗannan na gwada su da ma'aunin Malam, suka tsaya daram. Ko wa aka sa a gurbinta za a iya yi masa su, kuma wajibi ne ya amsa.

To, sai kashi na biyu, kuma a nan ne aikin ya ɗauke mini lokaci.

Gori na farko shi ne na asali. Tsarin mulkin Amurka ya gindaya sharuɗɗa uku ga mai son shugabanci: ya kai shekara 35, ya zauna a ƙasar shekara 14, ya kuma zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa. Gyara na 14 da aka yi wa tsarin a 1868 ya ba wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan ƙasa. Duk da haka, a watan Agusta na 2020, da aka ɗauke ta mataimakiya, wani lauya mai suna John Eastman ya rubuta a mujallar Newsweek cewa akwai shakka ko ta cancanta, wai saboda iyayenta baƙi ne. Trump ya ɗauki zancen ya maimaita a gaban 'yan jarida. Wannan tsohon makami ne. Da shi aka yi shekaru ana dukan Barack Obama, ana cewa a Kenya aka haife shi, har sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta Honolulu a 2011. Abin ban mamaki, mahaifiyar Trump kanta baƙuwa ce, daga Sikotilan ta zo.

Na biyu shi ne na launin fata. Ranar 31 ga Yuli, 2024, a taron ƙungiyar 'yan jarida baƙar fata a birnin Chicago, Trump ya ce da can Ba'indiya ya san ta, sai daga baya kwatsam ta rikiɗe ta zama baƙar fata, ya tambaya shin wacce ce daga ciki. Amsar ba ta da wuya: duka biyu ce, kamar yadda ɗan Bahaushe da Bafulatana yake da dangi ta nan da ta can. Kuma tun tana budurwa ta zaɓi Jami'ar Howard, ɗaya daga jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙe a zamanin da ake hana su shiga na Turawa. Sai da na karanta tarihi na ga inda zafin maganar yake. A 1924 Jihar Virginia ta yi doka cewa duk mai ɗigon jinin baƙi a jikinsa ba Bature ba ne, kuma ba shi da ikon auren Bature. Watau lokacin da baƙar fata ke jawo wa mutum hani, ɗigo ɗaya ya isa a jefa shi ciki. Da aka ga tana iya jawo ƙuri'a, sai aka ce rabi ma bai isa ba. Ko ta ina ka ɓullo, wani ne ke riƙe da mudu yana auna ka.

Na uku ya fi wayo, har na yi kwana biyu ina jujjuya shi. Wani ɗan Majalisar Wakilai daga Tennessee, Tim Burchett, ya ce an ɗauke ta ne kawai don cike gurbin da ake ware wa mata da baƙaƙe. Na ce a raina, ai wannan da ƙamshin gaskiya, tun da Biden da bakinsa ya yi alkawari a watan Maris na 2020 cewa mace zai ɗauka. Na kai wa Malam wannan. Ya tambaye ni, "Me ya sa John Kennedy ya ɗauki Lyndon Johnson a 1960?" Na bincika na ga don ya samu ƙuri'un Texas da jihohin Kudu ne. Ashe kowane mataimaki da irin lissafin da ke kawo shi: jiha, ko addini, ko shekaru. Mutum 48 suka riƙe kujerar kafin ita, dukkansu maza, ba a ce da ɗaya daga cikinsu mazantaka ce ta ba shi. Ita kuwa, wadda ta ci zaɓe sau uku a jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Amurka, an share wannan duka da kalma ɗaya. Don a yi adalci, Kakakin Majalisar Wakilai, Mike Johnson, wanda shi ma ɗan Rifablikan ne, ya gargaɗi 'yan jam'iyyarsa su tsaya kan ayyukanta su bar launinta da jinsinta. Wasu sun ji, wasu ba su ji ba.

Na huɗu kuwa iyayenmu mata za su gane shi tun kafin in ƙarasa, don gorin haihuwa ne tsagwaronsa. A 2021 J.D. Vance, wanda daga baya ya zama abokin takarar Trump, ya ce a talabijin wasu mata marasa 'ya'ya masu kiwon kyanwa ne ke juya ƙasar, ya ambaci sunan Kamala a cikinsu, yana nufin wanda bai haifa ba ba shi da rabo a gobe. Da ta fito takara aka sake tono maganar. Ita dai ta auri Doug Emhoff a 2014, ta tarar da 'ya'yansa biyu ta riƙe su, har uwar yaran ta fito fili ta kare ta. Da na sa wannan a ma'auni sai na kusa yin dariya. George Washington, Shugaban Amurka na farko, wanda suke kira uban ƙasa, bai haifi ɗa ko ɗaya ba. 'Ya'yan matarsa Martha ya riƙa. James Buchanan ko aure bai taɓa yi ba. Haihuwa ta Allah ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda wannan gori ke sa mace kuka a cikin gida ya san ba hujjar siyasa ba ce.

Akwai wasu da ba zan tsaya a kansu ba. An yi ta yi wa dariyarta ba'a. An yi ta karkata sunanta da gangan, kamar yadda Sanata David Perdue ya yi a wani taro a Jihar Georgia a 2020, don a nuna sunan baƙo ne. An kuma tono wata soyayya da ta yi shekaru talatin da suka wuce aka ce da ita ta hau muƙami, cikin kalmomin da ba su dace da mujallar makaranta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hali na jam'iyya ɗaya ne. A 2008, da Rifablikan suka tsai da Sarah Palin mataimakiya, masu adawa da ita sun yi ta tambaya yadda uwar 'ya'ya biyar za ta iya da aikin, tambayar da ba a yi wa uba. A farkon 2024 kuma, Nikki Haley, 'yar Rifablikan ce, haifaffiyar Carolina ta Kudu, amma da ta nemi tikitin jam'iyya Trump ya yi wa sunanta na Indiya ba'a, ya kuma yaɗa zancen cewa ba ta cancanta ba.

A cikin nazarin nan ne na haɗu da wata mace da ban taɓa jin labarinta ba, Shirley Chisholm. Ita ce baƙar mace ta farko da aka zaɓa zuwa Majalisar Wakilan Amurka, a 1968, daga Brooklyn. A 1972 ta nemi Dimokurat su tsai da ita takarar Shugaban Ƙasa, shekara bakwai kacal bayan dokar 1965 da ta buɗe wa baƙaƙen Kudu rumfar zaɓe. Ba ta samu ba. Ta sha faɗi cewa a siyasa an fi tsangwamarta don ita mace ce fiye da don ita baƙa ce, kuma har cikin 'yan'uwanta baƙaƙe maza akwai waɗanda suka ƙi mara mata baya. A wannan shekarar aka harbi George Wallace, Gwamnan Alabama, wanda ya yi suna wajen kare wariyar launin fata, kuma abokin takararta ne. Chisholm ta tashi ta je asibiti ta duba shi, magoya bayanta suna ta fushi. Ta yi shekaru tana yaƙar manufarsa, amma da ya kwanta ta gaishe shi gaisuwar majinyaci.

An yi zaɓe ranar 5 ga Nuwamba, 2024. Trump ya samu ƙuri'un wakilan jihohi 312, Kamala ta samu 226. A ganina tsadar abinci da haya ta fi gori yi mata illa, domin a wannan shekarar jam'iyyu masu mulki sun sha ƙasa a Ingila da Senegal da Botswana da Ghana. Amma ɓarnar gori tana wani wuri dabam. Suka tana da amsa: ka ce farashi ya hau, a kawo lissafi a duba. Gori kuwa ba shi da amsa, don ba wanda zai iya sauya uwar da ta haife shi. Sa'an nan suka kan tsaya a kan mutum ɗaya, gori kuwa kan fantsama. Da aka ce marar haihuwa ba ta da rabo a gobe, duk wata marar haihuwa a Amurka ta ji a jikinta, har da waɗanda suka jefa wa Trump ƙuri'a.

Wannan ne ya dawo da ni zauren muhawararmu. Akwai 'yan mata fiye da ɗari a zaune ranar, kuma maganata ba ta bar ko ɗaya ba, har da ƙanwata da ke aji ɗaya. Ga shi kuma har aka tashi ba wanda ya amsa tambayar kuɗin makaranta, alhali iyayenmu ne ke biya.

Da na miƙa wa Malam takarduna, ya karanta ya ce saura abu ɗaya: in sa maganata a ma'aunin. Na sa, ta faɗi. Na je na ba abokiyar karawata haƙuri a gaban aji, ta ce ta yafe, amma da sharaɗin a maimaita muhawarar. An sa mana rana a mako na uku na zango mai zuwa, batun dai shi ne na kuɗin makaranta, kuma ita ce za ta fara magana.