Barkonon Tsohuwa Ba Hayaƙin Banza Ba Ne

Ni ma'aikacin jinya ne a Dakoro, kuma a bakin aiki na ga abin da barkonon tsohuwa ke yi wa jikin mutum: ido ja wur, ƙirji ya toshe, mai ciwon fuka na haki da ƙyar. Jarirai, tsofaffi da masu ciki su suka fi shan wuya, alhali galibi ba su ne suka fito zanga-zanga ba.

Ƙasarmu ta biya farashi mai tsada wajen tarwatsa zanga-zanga. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai uku suka rasu a gadar Kennedy ta Yamai. Ranar 10 ga Afrilun 2017 aka rasa ɗalibi Malah Bagalé a zanga-zangar jami'ar Abdou Moumouni. Ranar 15 ga Maris 2020 gobara ta tashi a kasuwar Tagabati ta Yamai lokacin da ake tarwatsa masu zanga-zanga, aƙalla mutum uku suka mutu. Ko ɗaya daga cikinsu bai fita gida da niyyar mutuwa ba.

Abin da muke kira hayaƙin barkonon tsohuwa, garin sinadari ne mai laƙewa a fata da tufafi. In ya same ka:

Ka fice zuwa fili, ka nufi inda iska ke fitowa.
Kada ka murza ido. Wanke shi da ruwa mai tsabta na kamar minti 15.
Kada ka shafa man kaɗanya ko basilin, maiƙo riƙe sinadarin yake yi.
Ka cire tufafin, a wanke su daban.
Wanda gwangwanin barkonon ya buge a kai, ko yake amai, ko barci ke fizgarsa, ko numfashinsa ya ƙi daidaita, a kai shi asibiti nan take. Daga nan zuwa Maraɗi tafiya ce mai nisa, jinkiri kuwa na iya cin rai.

'Yan uwana 'yan sanda da jandarmomi, don Allah kada a saita gwangwani a jikin mutum, kada a jefa shi cikin aji, gida ko rumfar kasuwa. A bar wa jama'a hanyar gudu, a bar wa mai rauni hanyar asibiti. Matasa kuma, dokar zanga-zanga ta 2004 ta tanadi a sanar da hukuma kafin a fito. Ku ajiye dutse, ku daina ƙona taya, wadda hayaƙinta ke cutar da huhun maƙwabtanku.

A gadon asibiti ba ma tambayar ɓangaren da mutum yake. Ku isar da wannan ga iyaye da malamai. Allah ya zaunar da Nijar lafiya.