Ga wanda harshe ke sarƙe masa a gaban jama'a

Matashin unguwar Gomari ta Maiduguri da ake sawa ya yi jawabi a walima ko taron matasan unguwa, ka sani rawar gwiwa ba cuta ba ce. Fara da ƙaramin zama: bayan sallar Isha'i, ka bayyana wa abokai uku darasi ɗaya cikin minti biyu. Kada ka haddace jawabi kalma da kalma, domin in ɗaya ta ɓace, sauran su bi ta. Riƙe batutuwa uku a takarda, ka yi sallama da ƙarfi, ka ja numfashi kafin ka ci gaba.

Ɗaliban Jami'ar Maiduguri ma da haka suke koyon kare aikinsu a gaban malamai. In a cikin taron akwai dattawan Kanuri, gaishe su da harshensu tukuna. Fuskokinsu za su saki, kai ma ka samu natsuwa.