Kafin ka jefar da agogonka saboda maɗauri

Sau da yawa agogo lafiyarsa ƙalau, maɗaurin ne ya tsinke, sai mai shi ya jefa shi cikin durowa. Asara ce, domin ana sayar da maɗauri daban, kuma mai gyaran agogo zai sauya maka shi kana tsaye.

Abu na farko shi ne awo. Ka auna tazarar da ke tsakanin ƙahonnin nan biyu da maɗaurin ke shiga, da milimita. Agogunan yanzu galibi 18, 20 ko 22 ne, amma tsofaffi, irin Seiko ɗin da iyayenmu suka bari, sukan zo da 17 ko 19, waɗanda ba kowane mai tebur ke da su ba. Kada ka yarda a cusa maka babba ko a ɗaura ƙarami; ƙarami yana wasa har siririn ƙarfen da ke riƙe shi ya fita, agogo ya faɗi. Wannan ƙarfen ma a sauya shi idan ya yi tsatsa.

Fata tana da kyau a tsohon agogo, sai dai gumi da ruwan alwala suna cinye ta da wuri. Ni nailan na fi so don yau da kullum, domin yana wankuwa. Casio F-91W kuwa, robarsa takan tsage tun kafin batirin ya ƙare. Ka nemi irinta.

Ka tafi kasuwa da agogon a hannu, a gwada a gabanka kafin ka biya.