DARASIN WANNAN WATA: KAKA TA ZO, INA LABARIN ƊANKA A MAKARANTA?

Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya ba mu ikon ci lafiya. Darasinmu na wannan wata ya shafi kowane magidanci da kowace uwa da ke da yaro a makarantar firamare. Muna roƙon malaman azuzuwan yaƙi da jahilci na Gusau da Tsafe da Bunguɗu su karanta shi tare da ɗalibansu, a tattauna, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

ABU BIYU A LOKACI ƊAYA

A ƙasarmu shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, kuma zangon farko yakan kai har Disamba. To, duk manomi ya san abin da ke cikin waɗannan watanni. An yanke gero ana ɗaurin dami. Daga nan sai cirar gyaɗa da roron wake, sai yankan dawa, sai ɗibar auduga. Ga sussuka, ga kai amfani kasuwa. Kowane hannu a gida yana da aiki, har na yaro ɗan shekara bakwai.

Wato makaranta da gona suna kiran yaro a lokaci guda. Gona tana da mai magana da yawunta, domin uba yana ganinta da idonsa kowace safiya. Makaranta kuwa tana can bayan gari, ba wanda ke kawo labarinta gida. Shi ya sa ita ake kayarwa.

Mu yi ɗan lissafi. A ce zango mako 13 ne, kowane mako ana karatu kwana 5. Jimla kwana 65 ke nan. Idan yaro yana fashin kwana 2 kowane mako, ranar kasuwa da wata rana ta aikin gona, ya rasa kwana 26. Ya kusa rasa rabin zango ke nan, alhali a gida ana cewa kullum yana zuwa. Ga ɗan aji ɗaya abin ya fi muni, domin a wannan zango ne ake koya baƙaƙe da wasula da ƙirga. Wanda wannan ya wuce shi, da wuya ya kamo 'yan'uwansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wata shekara, cikin Oktoba, na tsaya a wata firamare da ke kan hanyar Gusau zuwa Tsafe. Na tarar da aji uku rabinsa ba kowa. Da yamma na gamu da mahaifin ɗaya daga cikin yaran a ajin manya. Ya rantse mini ɗansa bai taɓa fashi ba. Da muka bincika, ashe yaron yakan fita da jakarsa da safe, ya ɓoye ta cikin kara, ya tafi ƙwadagon cirar gyaɗa. Mako uku ana haka. Malami yana ta sa masa alamar fashi a rajista, uba yana ta ba shi kuɗin tara. Da a ce ɗayansu ya aika wa ɗaya da magana, da abin bai wuce kwana biyu ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Maganar ilimin kowa da kowa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. An ƙaddamar da shirin UPE a 1976, lokacin Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE a watan Satumba na 1999, sa'an nan aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun firamare na shekara 6 da na ƙaramar sakandare na shekara 3 kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma wajibi ne. Ta ɗora wa uba ko mai riƙo alhakin ganin yaro ya shiga kuma ya gama. Wanda ya ƙi, karo na farko za a ja masa kunne. Karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyu. A watan Nuwamba na 2023 kuma gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Ba mun kawo wannan don tsoratarwa ba. Mun kawo shi don uba ya san yana da haƙƙin tambaya. Tunda doka ta ɗora maka nauyi, dole makaranta ta gaya maka halin da ɗanka ke ciki. Kuma kada mu manta, a ƙasar Tsafe ne 'Yandoto take, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi. Neman ilimi gadonmu ne.

LABARI BIYAR DA YA KAMATA KOWANE GIDA YA SANI

Na ɗaya, ranar komawa makaranta da ranar hutu, da lokacin shiga da na tashi. Uwa ta san ƙarfe nawa ya kamata yaro ya dawo. In ya dawo da wuri ko ya yi latti, ta tambaya.

Na biyu, sunan malamin ajin ɗanka, da ajin da yake. Magidanta da yawa sun san kuɗin buhun masara a kasuwa uku, amma ba su san ko ɗansu aji uku yake ko huɗu ba.

Na uku, kwana nawa ya zo, kwana nawa ya yi fashi. Kowane aji yana da rajista, ana kiran suna kowace rana. Kana da ikon zuwa ka ce a nuna maka layin ɗanka.

Na huɗu, abin da yake koyo. Buɗe littafinsa na rubutu ko da sau ɗaya a mako. Dubi kwanan watan da ke saman shafi na ƙarshe. Idan yau 20 ga wata, shafin ƙarshe kuwa yana nuna 3 ga wata, akwai magana: ko yaro ba ya zuwa, ko malami ba ya shiga aji. Dubi kuma ko akwai jan biro na malami a kan aikin.

Na biyar, duk wani kuɗi da aka ce a kawo. Na mene ne? Wa ya yanke? An ba da rasit? Idan yaro ya zo da magana ta baki kawai, a je a tabbatar.

HANYOYIN DA LABARI ZAI BI

Hanya ta farko ita ce takarda. Muna ba hedimastoci shawara su riƙa rubuta gajeriyar wasiƙa da Hausa, da manyan baƙaƙe, sau ɗaya a wata. Layi biyar ya isa. Inda ba na'urar buga takarda, malami ya rubuta a allo, 'yan aji biyar da shida su kwafa, kowa ya kai gida. Yaro ya koyi rubutun wasiƙa, gida ya sami labari. A inda aka fi sanin ajami, a rubuta da ajami.

Hanya ta biyu ita ce baki. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Mai unguwa ya sa a yi shela. A wurin suna da biki, mata su gaya wa juna. Wannan ya fi muhimmanci ga matan da ke cikin kulle, domin su ne ke tashin yaro da safe, su ne kuma ke yanke shawarar ko yarinya za ta ɗauki jaka ko farantin talla.

Hanya ta uku ita ce waya da rediyo. Yana da kyau hedimasta ya riƙe lambar kowane uba a littafi. Amma mu tuna da 2021. A watan Fabrairu na shekarar aka sace 'yan mata daga makarantar Jangebe. A farkon Satumba, bayan an sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, aka rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. A lokacin, wanda ya dogara da waya kaɗai ya zauna cikin duhu. Don haka kowace unguwa ta sami mutum ɗaya amintacce wanda zai riƙa zuwa makaranta da ƙafarsa ya kawo labari. In hankali ya tashi, shi za a tambaya ko an tashi yara, ko an rufe, ko an buɗe. Jita-jita takan kwashe yara daga aji ko da ba abin da ya faru.

Kai ɗalibin ajin manya, a nan karatunka zai yi rana. A unguwarku wataƙila kai kaɗai ne cikin gida biyar ke iya karanta takarda. Ka karanta taka, ka karanta wa maƙwabta tasu.

Labari kuma ba daga makaranta kawai yake fitowa ba. Gida ma ya aika. Ƙarshen damina da farkon kaka lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. In yaro ya kwanta, a sanar da malami. In dole ne ya taimaka a gona, a nemi izini a faɗi kwanakin. Ga misalin wasiƙa, kowa ya kwafa a littafinsa ya cike guraben:

Zuwa ga Malamin Aji ......
Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da kai cewa ɗana ...... ba zai zo makaranta ba ranar ...... saboda ...... Zai dawo ranar ...... in Allah ya yarda. Ina roƙo a ba shi aikin da zai yi a gida.
Ni ne mahaifinsa, ......

Mafi kyau dai a tsara aikin yara ya faɗo da yamma bayan an tashi, da ranakun Asabar da Lahadi. Wake ba zai gudu ba kafin azahar.

KAKA LOKACIN TAIMAKO CE

A watan Yuli ko Agusta, in ka ce magidanci ya kawo gudummawa, ka zalunce shi, don rumbu ya yi ƙasa. Yanzu kuwa akwai ɗan abin hannu. Saboda haka taron iyaye da malamai na wannan zango ya fi kowanne amfani. A kira shi bayan an kai gero gida, kafin kuɗin gyaɗa su watse a bukukuwa, kafin kuma matasa su tafi cin rani.

Makarantun gwamnati suna da Kwamitin Kula da Makaranta, wanda ake kira SBMC. A cikinsa akan sa mai gari ko wakilinsa, da hedimasta, da wakilan malamai, da na iyaye, da na mata, da malaman addini, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, har da wakilan yaran kansu. A wurare da dama kuma akwai ƙungiyar iyaye mata, wadda shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ya ƙarfafa a Zamfara tsakanin 2012 da 2022. Tambayi hedimasta su wane ne 'yan kwamitin garinku, da ranar da suka yi zama na ƙarshe.

Me gari zai iya yi da kansa? Damina ta bar ciyawa a fili, macizai da sauro na ɓuya, a yi gayya a nome. Iska ta ɗaga kwano, kafinta ya buga ƙusa kafin ya yaye gaba ɗaya. Hunturu na tafe a Nuwamba, tagogin da suka karye a toshe su, don yaro ba ya karatu yana rawar ɗari. Ga kara ko'ina, a yi darni a kewaye makaranta saboda dabbobin da za a saki bayan girbi. A gyara ban ɗaki, na 'yan mata daban, domin rashinsa na cikin abin da ke korar manyan 'yan mata daga aji. A ajiye randa da moɗa. Malamin da aka turo daga nesa a sama masa ɗaki a gari, don wanda ke kwana a gari ba ya makara.

In an yarda, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, dami ɗaya ko tiya biyu. A ce gida 60 ne, kowanne ya ba da tiya 2, an sami tiya 120. A sayar a sayi alli da littattafan rubutu da tufafin makaranta na marayu. Wannan sadaka ce ta ganin dama, daban take da zakka, wadda ke da masu ita da shari'a ta ambata. Kada a kori yaro ko ɗaya don gidansu bai kawo ba.

Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta. Abin da ya shigo, abin da ya fita, da saura. A karanta a bainar jama'a, a manna kwafi a ƙofar ofishin hedimasta. Gudummawa da yawa sun mutu a garuruwanmu saboda an karɓa ba a yi bayani ba. Mutum in ya ga inda tiyarsa ta tafi, baɗi zai kawo uku.

Abin da ya fi ƙarfin gari, kamar ginin aji ko ƙarin malamai, kwamiti ya rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, shi kuma ya kai ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha. A sa kwanan wata, a ajiye kwafi, a bi sawu.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne watanni ne zangon farko ya ƙunsa, kuma wane aikin gona ake yi a cikinsu?
2. In yaro ya yi fashin kwana 1 kowane mako a zango mai mako 13, kwana nawa ya rasa?
3. Kawo labari biyar da ya kamata gida ya sani game da makaranta.
4. Me ya sa bai kamata a dogara da waya kaɗai ba?
5. Gida 45, kowanne ya kawo tiya 3. Tiya nawa aka tara?

AIKIN GIDA

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya je makarantar ɗansa ko ta jikansa. Ya gaisa da malamin aji, ya rubuto sunansa, ya kuma rubuto kwanakin da yaron ya yi fashi tun da aka koma. Mata waɗanda ba su fita su duba littafin yaro su rubuto kwanan watan shafin ƙarshe. Malamai su tattara abin da aka samo su aiko wa ofishinmu, za mu buga wasu a fitowa ta gaba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai wata mai zuwa.