Gidaje Masu Rahusa a Ƙananan Garuruwan Katsina: Nazarin Hanyoyin Samun Fili da Kuɗi a Yankin Kurfi da Dutsin-Ma

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi hanyoyin da hukuma ke bi wajen samar da fili da kuɗi domin gina gidaje masu rahusa, sannan ta auna su da rayuwar mazauna Rawayau da sauran garuruwan yankin Kurfi da Dutsin-Ma. Muƙalar ta nuna cewa an tsara hanyoyin ne bisa ma'aikacin albashi da gidan da ake kammalawa lokaci guda, alhali Bahaushen yankin ɗaki-ɗaki yake gina gidansa.

1.0 Gabatarwa

Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 ya sauya darajar ƙasa a garin da kewayensa. Ɗalibai da malamai sun ƙaru a kan waɗanda Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ta riga ta tara, gonakin bakin gari suka fara komawa fulotai. Bayan haka rashin tsaro ya koro jama'a daga ƙauyukan Safana da Batsari da Kurfi zuwa garuruwan da suke ganin sun fi aminci. Buƙatar muhalli ta taso ta fuska biyu, kuma mai gudun hijira ba ya iya gogayya da ɗalibi wajen biyan haya. Tambayar ita ce: wace hukuma ke da alhakin gidan mai ƙaramin ƙarfi a irin waɗannan garuruwa, kuma da wane kuɗi?

2.0 Ikon Ƙasa

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da izinin mallaka. A wajensa kuwa, ƙaramar hukuma ce ke ba da izini na gargajiya. Haka kuma jinginar da filin birni ba ta inganta sai da amincewar gwamna. Sakamakon haka, magidancin Rawayau da ya gaji gida tun kaka da kakanni, wanda mai unguwa da dagaci da maƙwabta suka shaida nasa ne, ba shi da abin da banki zai karɓa a matsayin jingina. Gado ma yana ƙara ɗaure lamarin, domin gida ɗaya kan zama na magada da yawa, ba kuwa wanda zai jinginar da shi shi kaɗai.

3.0 Hanyoyin Kuɗi na Hukuma

Babbar hanyar ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke gudanarwa. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata, shi kuma ya cancanci rance da ruwan kashi 6 cikin ɗari, wanda zai iya biya har tsawon shekara 30. A kasuwar bashi ta Nijeriya wannan sassauci ne babba, amma lissafi ya nuna iyakarsa. Rancen naira miliyan 5 a bisa waɗannan sharuɗɗa yana buƙatar kimanin naira 30,000 duk wata. Dokar ƙwadago ta taƙaita abin da za a cire daga albashi zuwa kashi ɗaya bisa uku, wato kusan naira 23,000 ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ke nan abin da zai iya ranta bai kai miliyan 4 ba. Wannan fa ma'aikaci ke nan. Manomi da ɗan tireda da ɗan acaɓa, waɗanda su ne mafi rinjaye a yankin, ba su da takardar albashi, kuma kuɗin manomi da kaka yake zuwa. Akwai kuma batun riba, wadda take hana Musulmi da dama kusantar rancen ko da sun cancanta. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, ya buɗe ƙofar ciniki irin na murabaha da ijara, sai dai shi ma yana neman takarda da tabbataccen kuɗin shiga.

Hanya ta biyu ita ce gwamnati ta yi ginin da kanta. Shirin Shugaba Shehu Shagari na 1980 ya ƙudurta gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, bai kuwa cimma adadin ba. Gwamnatocin Katsina sun gina rukunoni irin su Goruba da Barhim da Makera, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta aza harsashin gida 250 a Katsina. Kano ta gwada wata dabara tsakanin 2011 da 2015, inda aka gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, wani ɓangare da kuɗin asusun fansho, abin da ya jawo doguwar taƙaddama. Abin lura shi ne duk waɗannan rukunoni a babban birnin jiha ko gefensa suke. Tsarin ginin ma abin dubawa ne ga masu nazarin al'ada: gidan falo da ɗaki biyu ko uku bai yi tanadin zaure ba, balle turakar maigida da tsakar gidan da mata ke wuni a ciki. Shi ya sa wanda ya samu irin wannan gida yakan fara da tayar da katanga.

4.0 Yadda Ake Gini a Zahiri

A Rawayau da makamantanta, gida aikin shekaru ne. Mutum kan sayi fili ko ya yanki wani sashe na gidan gado, ya kewaye shi, ya tayar da ɗaki guda ya tare. Idan kaka ta yi kyau ko ya sayar da sa, ya ƙara wani. Kuɗin yakan fito daga adashi da kiwo da aiken 'yan ci-rani, a da kuma gayya ke ɗauke nauyin kwaɓa ƙasa da yin tubali. Yanzu bulo da kwano sun ture tubali da azara a wurare da yawa, kuma hakan ya ɗaure talaka da farashin siminti, wanda ba shi da iko a kansa. Amfanin wannan tsari shi ne babu bashin da zai kai ga ƙwace gida. Illarsa kuwa tana fitowa da damina: unguwa takan cika kafin a fitar da hanya ko magudanar ruwa, ginin ƙasa kuma ba ya jure kwanciyar ruwa a gindinsa.

A nan ne ƙaramar hukuma take da abin yi, ko da ba ta gina ɗaki ɗaya ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata gina hanyoyi da magudanai, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da ƙiyasta gidaje domin harajinsu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, zai ba ta damar yin haka idan aka aiwatar da shi. Kuɗin gina gida 50 da za su faɗa hannun manyan ma'aikata zai iya wadatar da yanka fulotai masu yawa, da hanya da kwalbati da rijiyar burtsatse, a sayar da su biya kaɗan-kaɗan bayan girbi. Sharaɗin da ya fi muhimmanci shi ne kowane fuloti ya fito da takardarsa tun ranar rabo, a kuma hana sayar da shi na wasu shekaru, domin in ba haka ba dillalan Dutsin-Ma ne za su tattare su kafin mai buƙata ya aza tubalin farko.